Takardar Koke Zuwa Ga Mai Girma Littafi Na Biyu

Takarda ta fito daga hannun wasu masu karatu na garin Zuru, zuwa ga Mai Girma Littafi Na Biyu, ƙanen Na Ɗaya, yayan Na Uku. Gaisuwa da girmamawa. Bayan haka, ran Mai Girma ya daɗe, akwai magana.

Don kada a kama wanda bai ji ba bai gani ba, wanda ake nufi shi ne The Eternity Cure na Julie Kagawa, marubuciyar Amurka, wanda kamfanin Harlequin Teen ya buga a 2013, shekara guda bayan yayansa The Immortal Rules. Yayan nan ya riƙe amana. Ya nuna duniyar da annobar huhu ta yi wa kaca-kaca, masu shan jini suka gaje birane, suka zagaye su da ganuwa, suka mai da 'yan Adam garke. Wanda ya yarda aka yi masa rajista, ana ɗibar jininsa a ba shi katin abinci. Wanda ya ƙi, shi da yunwa. A cikin masu ƙin akwai Allison, budurwa mai ɓoye littattafai a garin da aka haramta karatu, wadda ranar da mutuwa ta tsaya mata a kai ta yarda Kanin ya mai da ita mai shan jini. Sai kuma Zeke, yaron kirki, irin wanda iyaye mata ke yi wa 'ya'yansu addu'ar samu.

Masu koken ba za su ci haƙƙin Mai Girma ba: ya fi yayansa daɗin karatu. Dabarar haɗa Allison tafiya da Jackal, ɗan'uwanta ta wajen Kanin kuma tsohon sarkin 'yan fashin Cikago, ita ce ribar littafin. Mutumin banza ne mai daɗin baki, kowa na zaginsa, kowa kuma na ɗokin shafin da zai sake magana. Haka Stick, rago matsoraci da Allison ta yi ta ciyarwa a littafi na ɗaya, wanda aka dawo garinsu New Covington aka tarar ya zama na hannun daman Yarima Salazar, yana hura hanci. Wannan kam ba sai an yi wa ɗan Najeriya bayaninsa ba, ana ganin irinsa bayan kowane zaɓe.

Amma in Mai Girma na taƙama da fiƙoƙi ne, to ya rage murya. Mutanen Zuru da ke da kadoji a Girmache ba haƙori ne zai hana su barci ba. Kuma tun daga Dracula na Bram Stoker a 1897, mai shan jinin Turawa wahalalle ne: sai ya jira dare, sai ya kama wuya, rana ta fito ya nemi rami. Mayen tatsuniyar gida ko tashi daga tabarmarsa ba ya yi, daga zaune yake kama kurwa, in an matsa masa ya tsallake mara lafiya a watse.

Abin da ya sa masu karatun Zuru suka ajiye littafin suka yi shiru wani abu ne daban, wanda wataƙila marubuciyar ta ɗauke shi adon labari kawai. Shi ne harajin jini. Ka biya mai cinka don ya bar ka ka kwana da rai. A Amurka wannan hasashe ne na bayan tashin duniya. A ƙauyukan Zamfara da Neja da ke iyaka da masarautar Zuru, manoma sun sha tara kuɗi su kai wa 'yan bindiga kafin a bar su su yi shuka, su sake tarawa kafin girbi. A watan Maris na 2022 an kashe 'yan sa kai fiye da 60 a yankin Sakaba. A watan Yunin 2021 an kwashe ɗalibai daga makarantar gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri, 'yan matan ƙarshe ba su dawo gida ba sai 2023. Sa'o'in Allison ne. Matashin da ya san waɗannan, idan ya karanta yadda Salazar ya sa wa Kanin gurɓataccen jini don ya tilasta wa Allison yi masa aiki, ba ya ganin ƙirƙira. Garkuwa yake gani, da wa'adin biya. Nan Mai Girma ya yi gaskiya fiye da yadda ya sani, ba kuwa a nan ƙarar take ba.

Ƙarar tana shafukan ƙarshe. Bayan an sha wuya, an samu maganin annoba a jinin Zeke, mai karatu ya fara gyara zama, sai Mai Girma ya miƙa yaron ga Sarren, mahaukacin mai shan jini, ya bar wa Allison muryarsa a naɗe yana shan azaba har ya faɗi inda Eden, mafakar 'yan Adam, take. Daga nan littafi ya rufe. Aka yi zaman makoki, aka yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Sai a 2014 The Forever Song ya fito, ga mamaci nan a tsaye da fiƙoƙinsa.

Ba yau aka fara wannan wayon ba, masu koken sun sani. Shaharzad ta Dare Dubu Da Ɗaya ita ce uwar masu yanke labari a tsakiya, amma ita wuyanta take karewa. Akun Abubakar Imam na Magana Jari Ce, da ya fara fitowa a 1937, yakan kai labarinsa ƙarshe kafin ya buɗe wani. Marubutan Kano na zamanin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu sun raba littafi kashi-kashi, su ma da hujjarsu: yawancinsu da kuɗin aljihunsu suke bugawa, cinikin na ɗaya ne ke sayen takardar na biyu. To Harlequin, da rassansa a ƙasashe, kuɗin tawada ne ya ƙare masa?

Kada a ce Zuru ba ta da haƙuri. Saurayin Lelna kan yi shekara bakwai yana golmo a gonar surukinsa kafin a ba shi mata, jiran shekara guda ba komai ba ne a wajensa. Sai dai shi mai golmo ya san ranar gamawa, ya kuma san ba za a zo masa cikin shekara ta shida a ce amarya ta rasu, ta bakwai a ce da wasa ake.

Don haka ga buƙatu. A mayar wa masu makoki kuɗin geron da suka yi sadaka da shi. A riƙa rubuta gargaɗi a bango cewa kada a buɗe Na Biyu sai Na Uku na hannu, musamman ga wanda zai jira littafi ya biyo mota daga Kaduna ko Abuja. A kuma ƙara wa Jackal shafuka, a rage wa Allison yawan tambayar kanta ko ita dodo ce. Babi uku sun ishi kowa gane cewa abin na damunta.

An aika da kwafi ga Littafi Na Uku, shi ma za a zauna da shi. Haza wassalam.