Kududdufin Unguwarmu Ba Shi da Uba

Mu mutanen cikin birnin Kano akwai tambayar da ba ma son ji da rani, amma da damina mu ne kan gaba wajen yin ta: wa ke da kududdufin nan? Da rani, in ruwa ya ja baya, gefe ya bushe ya fara kama da fili, kowa sai ya yi gum, don kowa akwai taku biyu ko uku da ya ƙyalla wa ido. Da Agusta ta kama, ruwa ya tumbatsa ya fara leƙo zaure, sai ka ji mu a majalisa muna ta ɗaga jijiyar wuya: "Ina ciyaman? Ina kansila? Wai garin nan babu hukuma ne?"

Wanda ya fi mu sanin asalin ramin wani dattijo ne, tsohon magini, mai zama a kan buzunsa can ƙarshen dakali. In ya ji an ce ramin banza, sai ya ɗago kai ya ce, "Ku yaran nan ku iya bakinku. Ɗakin da aka haifi ubanku daga cikin ramin nan ya fito." Kuma gaskiyarsa. Nan ake haƙo ƙasa, jakuna su yi ta jigila da mangala, a zube a ƙofar gida, a jiƙa, a tattake da ƙafa tare da ciyawa har ta yi danƙo, sannan a dunƙula tubali mai faɗin gindi da tsinin kai, a jera a rana. Duk soron da ka ga ya tashi sama, akwai ramin da ya nutsa ƙasa dominsa. Ita kanta badala haka aka yi ta, tun daga zamanin Sarki Gijimasu, wanda tarihin Kano ya ce ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134 kuma shi ya fara ginin ganuwar. Shi ya sa kududdufai suka yi jerin gwano a gindinta, kamar waɗanda muka tashi muka gani gefen titin BUK, tsakanin Ɗan Agundi da Ƙofar Na'isa har zuwa Gadon Ƙaya. Ko Baturen nan Clapperton da ya shigo Kano a 1824, abin da ya ɗauki hankalinsa har da fadamar Jakara, wadda ya tarar ta kusan raba birnin gida biyu, ga kasuwa tana ci a bakinta.

Ramin da aka haƙa don gini sai ya kama wani aikin da ba wanda ya ɗora masa. Ruwan da ya sauko daga indararon gidaje ya bi lungu, can yake tarewa ya kwanta, maimakon ya kwana a ɗakunanmu. Yana kwance yana tsatsafowa ƙasa a hankali, rijiyoyin unguwa suna sha. Masunta su zo da koma su kwashi tarwaɗa da karfasa, yara su tsinko bado, kainuwa ta shimfiɗe a kai, maƙwabta su kora agwaginsu. Ba kuma za mu yi masa ƙarya ba, yana da nasa sharrin. Sauronsa ba ya jin turare. Yawancinmu da muka koyi iyo a cikinsa mun yi tsargiya, har ana yi wa yaro barka wai ya zama namiji, alhali cuta ce da ƙananan dodon koɗin cikin ruwan ke yaɗawa. Akwai kuma shekarun da ake kiran 'yan kwana-kwana su tsamo gawar yaro, unguwa ta yi kwana uku ba mai dariya.

To amma yadda muke cinye shi, sai mu. Ba mai zuwa da rana tsaka ya ce ya ƙwace kududdufi. Farko kwanon toka ne da shara, yarinya ta kai da magariba ta juye a gefe. Sai buhun ɓaraguzai in an yi gyaran ɗaki. Wata uku, wurin ya ɗan yi tudu, sai ka ga an kafa turke an ɗaure rago, wai don yana damun mutane a cikin gida. Rago ya kwana biyu, sai a tausaya masa a yi masa rumfa. Rumfa ta samu langa-langa, langa-langa ya samu ƙofa da kwaɗo. Ranar da za ka ji kukan tifa da tsakar dare tana juye marmara, to magana ta ƙare. Da safe mai ragon zai gaya maka da idonsa a bushe cewa wurin nan tun kakansa a hannunsu yake. In mai dabara ne, sai ya ware kusurwa ɗaya ya zagaye da bulo ya fitar da alƙibla, ya ga wanda zai zo ya ce a rushe.

Sai dai ruwa ba ya karanta takardar ciniki. Shiga irin gidajen nan da damina ka gani: danshi ya hau bango har ƙugu, fenti yana ɓamɓarowa, gishiri ya yi fari a jikin bulo, ƙafar gado a kan duwatsu, masai ta cika tun kafin a yi ruwa na uku. Ruwan da aka kora daga gidansa kuma ba komawa sama zai yi ba, gidan maƙwabci zai nufa, wanda ko kwano ɗaya bai taɓa zubawa ba. Abin bai tsaya a lungu ba. A daminar 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya jiƙe atamfa da shadda na maƙudan kuɗi, kuma abin da aka fi nuna wa yatsa shi ne gine-ginen da suka toshe hanyar ruwa. Mun yi ta jajanta wa 'yan Kwarin unguwarmu, muna Allah wadai da masu gini a kan magudana, wasunmu suna jingine da katangar da ke tsaye a cikin kududdufi.

Wani dare da gardama ta yi zafi, telan unguwa ya juya wajen malamin makarantar da ke cikinmu ya ce, "Malam, kai ka yi boko. Don Allah raba mana gardama, aikin waye?"

Malam ya ajiye kofin shayi ya ce a tsarin mulkin 1999, jadawali na huɗu ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, kuma a ciki akwai magudanan ruwa, da wuraren shaƙatawa, da lambuna, da filayen da aka bari don jama'a, da kwashe shara. Tela ya tafa hannu ya ce, "Shi ke nan, ciyaman ne!" Malam ya ce ya dakata. Akwai dokar mallakar ƙasa ta 1978, wadda ta sa duk filin da ke cikin birni a hannun gwamna, ta bar wa ƙaramar hukuma na karkara. Izinin gini a birni wajen KNUPDA ake nema, shara kuma jiha tana da REMASAB. Mai unguwa shi ya san tarihin kowace katanga, amma tun gyaran 1976 da ya kawo ƙananan hukumomi a madadin En'e, ba shi da ɗan doka ba shi da baitulmali, sai dai nasiha. Ga shi ƙwaryar birnin ma an yanka ta takwas cikin ƙananan hukumomi 44 na jihar, ruwan da ya taso daga Gwale bai san ya shiga Dala ko Fagge ba.

Tela ya yi shiru, sannan ya ce, "Wato dai ruwan na ciyaman ne, ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta gwamna, sauron namu."

Aka yi dariya, amma dattijon nan bai yi ba. Ya ce kududdufi maraya ne mai gado: yana yawo da tsumma ba wanda ya san shi, ranar rabon gida kowa ya zama baffansa. Muddin ruwa ne, ba shi da fayil a kowane ofis. Ranar da ya zama fili, a ranar zai samu lamba da takarda da dillali. Ya ce mu dubi Tiga, da aka kammala a 1974 zamanin Audu Baƙo. Ita tana da hukuma a kanta, ta kogunan Haɗeja da Jama'are, akwai ma'aikata, akwai mai lura da yawan ruwa. Wa zai je ya ɗaure rago a bakinta ya ce gadonsa ne? Bambancin Tiga da namu ba girma kaɗai ba ne, ita an rubuta ta.

Mu kuma wannan giɓin da ke tsakanin ofis da ofis bai taɓa ɓata mana rai da gaske ba, don a cikinsa muke sha'aninmu. Dubi yadda muke yi da kansila. Ranar da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, 11 ga Yulin 2024, cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, a majalisarmu har da mai sayen shayi ya raba. Kowa na cewa yanzu aiki zai zo ƙofar gida. Amma in kansila ya shigo unguwa, me muke tarar sa da shi? Wannan takardar asibiti, wancan katin ɗaurin aure, wani matarsa ta haihu jibi suna, wani babur yake so. Mutumin nan zai fita aljihu a bushe, ba wanda ya ja hannunsa ya kai shi bakin ruwa ya nuna masa inda kwata ta toshe. In ya tafi mu ce ba ya aiki.

Haka tsaftar ƙarshen wata. Asabar ɗin ƙarshe, daga bakwai zuwa goma na safe, an hana zirga-zirga don a yi shara. Mu a wajenmu ranar ramuwar barci ce, yara kuma sun samu titi ba mota sun kafa gola. In ma an tashi aikin gayya an yashe lambatu, sai a tara baƙar laka da leda a bakin hanya, a yi hoto a sa a Facebook, a watse. Ruwan farko ya mayar da ita inda aka ɗebo ta.

Wani yaronmu da ke aiki a Abuja ya zo hutu, ya riƙa nuna mana tafkin Jabi a wayarsa, ga bishiyoyi, ga masu motsa jiki da safe, ga kwale-kwale. Ya ce, "Kawu, shi ma fa tafkin nan mutum ne ya yi shi. Me zai hana namu ya zama haka?" Nan da nan muka hau tsari. Wannan ya ce a sa fitilu masu sola, wancan ya ce a kawo lilo, mai shayi har ya zaɓi inda zai kafa teburinsa. Muna cikin haka sai tsohuwar da ke tuyar ƙosai a bakin lungu, wadda muke zaton ba ta sauraro, ta ce ba tare da ta ɗago daga kasko ba, "'Ya'yan nan, kun gama? To ku gaya mini, sharar gobe da safe ina za a kai ta? Ku maza kuna nan kuna shan shayi, mu ke da tsintsiya. Ku ajiye mana inda za mu zuba, a zo a kwashe, ku ga ko wata za ta sake aiken 'yarta bakin ruwan nan."

Ba wanda ya iya ce mata uffan. Iya ta faɗi abin da duk tsarinmu ya tsallake. Ba lilo ne farko ba. Farko wurin zuba shara da motar da za ta riƙa zuwa, sai a raba kwatar gidaje da kududdufi, sai a auna shi a kafa duwatsun iyaka, a rubuta shi da sunan jama'a yadda ba dillalin da zai iya taɓawa, sannan shinge saboda yara, sannan a dasa darbejiya a zagaye. Kuma kusan duk wannan yana cikin jerin da Malam ya karanto mana na aikin ƙaramar hukuma. In ban da takardar filin, wadda sai ciyaman ya ɗauki ƙafa ya je wajen jiha ya nemo.

Da aka zo maganar awo ne majalisa ta yi tsit. Awo zai nuna katangar wa ta shiga ruwa, kuma in aka bi ta filla-filla, 'yan kaɗan ne a cikinmu za su fita da farar riga. Alhajin da ya fi kowa zagin hukuma sai ga shi yana wa'azin haƙuri da zaman tare, yana cewa tone-tone ba shi da kyau. Aka yi ta ja-in-ja har dattijo ya yanke: a ɗauki bakin ruwa na yau a matsayin iyaka, abin da ya wuce a bar wa Allah, amma daga yau duk wanda aka ga ya kafa turke, da shi da ragon a kai su gaban mai unguwa. Alhaji ya ce wannan adalci ne, kuma shi zai fara sa hannu.

Malam ya rubuta takarda, mai unguwa ya buga hatimi, aka kai sakatariya. Waɗanda suka yi rige-rigen sa hannu su ne na gidajen gangare, masu kwana da bokiti a gefen gado. Kansila ya aiko cewa zai zo ranar Asabar ya gani da idonsa. Mun riga mun ja wa juna kunne, mun kuma sa samari biyu su tsaya a bakin lungu: duk wanda aka gani da takardar asibiti ko katin biki, a riƙe shi da hira har sai Yallaɓai ya isa bakin ruwa.