An Ɗauke Kofi Tun Gero Bai Fid da Kai Ba

Da zarar ruwa ya zauna, an gama noman farko an shiga maimai, akwai wata gasa da ake buɗewa daga Sunke har Anka, Gummi da Bukkuyum. Ba ta buƙatar fili, ba ta buƙatar alƙalin wasa. Bencin mai shayi ya ishe ta. Gasar sharhin wasannin share fage ke nan, inda ake raba kofunan Turai a watan Yuli, alhali masu kofin ba su ma goge masa ƙura ba.

A can Turai kowa ya san manufar waɗannan wasanni. 'Yan ƙwallo sun dawo hutu da ɗan tumbi, koci na son gwada yara, masu kulob kuma na son kuɗin tikiti da na riguna, shi ya sa ake kwasar tawaga zuwa Amurka ko Asiya. A nan wurinmu kuwa, kowane wasa shari'a ce da ba a ɗaukaka ƙara.

Gogaggen mai sharhi yana yawo da karin magana biyu, ɗaya a kowane aljihu. In kulob ɗinsa ya ci wasu yaran da ko gemu ba su fara ba, sai ya laluba aljihun dama: "Juma'ar da za ta yi kyau, tun daga Laraba ake gane ta. Bana kohi namu na!" In kuwa aka lallasa su, sai ya koma na hagu: "Haba ɗan'uwa, ai motsa jiki na. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare." Abin da zai ba ka mamaki, yakan zaro duka biyun a mako ɗaya, a kan benci ɗaya, ko gezau.

Magoya bayan Manchester United sun fi kowa sanin ɗacin wannan Laraba. Ranar 12 ga Yuli, 2022, ana cikin cin soyen naman layya, suka zuba wa Liverpool 4 da nema a Bangkok, wasan farko na sabon kocinsu Erik ten Hag. Ba ruwan kowa da cewa Klopp, kocin Liverpool na lokacin, yana canza tawaga kusan duk rabin awa. An ba su wani kofi sun ɗaga, nan kuma aka hana makwabta sakat. Da aka shiga gasar gaske a watan Agusta, Brighton ta bi su har gida ta ci su 2 da 1, mako na zagayowa Brentford ta jera musu 4 tun ba a tafi hutun rabin lokaci ba. Ranar nan masu jar riga da yawa suka tuna suna da aiki a gona.

Kuma ba shi ne karon farko ba. A 2014, kocinsu Louis van Gaal ya kai su Amurka suka ci LA Galaxy 7, suka doke Real Madrid 3 da 1 a Michigan a gaban 'yan kallo 109,318. Suna dawowa Swansea ta tarbe su da 2 da 1 a Old Trafford, sannan MK Dons, kulob ɗin rukuni na uku, ta ƙara musu da 4. Sai dai mai son ƙwallo ba ya ajiye tarihi, sai na abokin hamayya.

Kada 'yan Arsenal su yi dariya da yawa. Su ne suka shirya gasar kansu, Emirates Cup, tun 2007, su gayyato baƙi gidansu, su ba su masauki, sau da yawa kuma su riƙe kofin. A Yulin 2022 suka ci Chelsea 4 a Orlando, suka shafe mafi yawan kakar a saman teburi, daga ƙarshe Manchester City ta zo ta ɗauke abinta. Daga kofin da suka ɗauka a 2004, sun share fiye da shekara ashirin suna "bana namu na".

Akwai kuma malamin da bai ga wasan ba sam. Wasannin Amurka tsakar dare ake buga su a agogonmu, lokacin da mai gidan kallo ya kashe janareto ya tafi barci. Shi malamin namu da safe ya hau tudu yana ɗaga waya sama yana neman sabis, ya samu bidiyon minti biyu da ke tsayawa yana juyi. Da hantsi sai ga shi a majalisa yana zana layuka a ƙasa da tsinke: "Matsalarmu tsakiya ta. Mi nig gaya muku tun bara? Kocin ga bai san ƙwallo ba." Mutumin da rabonsa da gudu tun ranar da kare ya biyo shi, shi ne ke cewa ɗan wasa bai da numfashi.

Na ukunsu shi ne attajirin kasuwar 'yan wasa. "Fabrizio ya tabbatar," in ji shi, kamar tare suka yi makarantar allo da ɗan jaridar. Da Arsenal ta sayi Declan Rice kusan fam miliyan 105 a 2023 ya ce an yi araha. Da Chelsea ta biya 115 kan Caicedo ya ce da shi ne da ya ƙara biyar. Yana gama rabon miliyoyin sai ya sassauta murya, ya karkato wurin mai shayi: "Maigida, haɗa mini da madara, a rubuta." Ka tambaye shi sunan 'yan wasa uku na Zamfara United da ke nan Gusau, sai tari ya sarƙe shi.

Abin dariyar shi ne, duk waɗannan mutane manoma ne masu hankali. Je ka gonar ɗayansu a Yuli, ka ga gero ya yi kore shar, ka ce masa, "Baba, bana dami ɗari sun tabbata." Zai harare ka ya ce ka bar wannan magana, akwai fari, akwai tsutsa, akwai tsuntsu, sai abin ya shiga rumbu. Wannan dattijo da ba ya yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, shi ne zai ga sabon ɗan wasa ya yi yanka ɗaya a wasan sada zumunta, ya rantse an samu magajin Messi.

Shawarata mai sauƙi ce. Duk wanda ya ce "bana namu na" a watan Yuli, a rubuta sunansa da kwanan wata, a sa shaidu biyu. In watan Mayu ya zo kofi ya tafi wani gari, ya sayi shayi da burodi da ƙwai ga majalisa kaf. An kai wa mai shayi wannan shawara don ya riƙe rajistar, ya ce ya yarda, amma sai an fara biyansa bashin da aka ci lokacin da ake sayen Caicedo.