Goron Sallar mai fasaha

Sallah ta matso, sai wani abokina ɗan Kebbe ya tare ni a tashar Tambuwal da tambayar da ta hana shi barci. Yana da maƙwabci baduku, ga ƙanwar matarsa mai lalle, ga kuma wani makaɗi da ke yi masa kirari duk ranar kasuwa. "Malam," in ji shi, "mi za ni ba mutanen ga goron Sallah? Ka san mai fasaha ba a ba shi abu awa na kowa." Na ce ya kwantar da hankalinsa, faɗuwa ta zo daidai da zama. Na daɗe ina nazarin kyautar da muke yi wa waɗannan bayin Allah, kuma duk cikinta babu wadda ke taɓa aljihu.

Wadda ta fi karɓuwa, tun daga Dogon Daji har Kuchi, ita ce "Allah ya ƙara basira." Ba ta da nauyi, zafin Sakkwato ba ya lalata ta, direba ba ya karɓar kuɗin kaya a kanta. Sai ka tsaya a rumfar baduku, ka ɗauki jaka ka jujjuya, ka shinshina, ka kaɗa kai ka ce lallai wannan hannu gado ne, sannan ka ajiye ka zuba addu'a ka wuce. Addu'a abu ce mai kyau, babu mai ja. Sai dai har yau ban ga mai awon da ya karɓi basira ya auna tiyar gero ba.

In babbar Sallah ce, akwai fatar layya. An soke rago a itace an jera gefen wuta yadda muka saba a ƙasar Sakkwato, washegari cinya ta tafi gidan surukai, baduku kuwa a aika masa da fatar da yaro ya huda wuri uku garin fiɗa. Bayan kwana biyu sai ka bi sawu: "Baba, fatar nan da na aiko, ko za ta yi takalmi da kuben wuƙa? In ta yi saura a yi wa yaro gafaka." Shi zai biya majemi, shi zai nemi bagaruwa da karan dafi, shi zai yi mako uku a sunkuye da basilla. Hausa ta yi mana gata da ta bar kalma ɗaya, kyauta, ta ɗauki abin da ka bayar da kuma aikin da ba ka biya ba.

Kada baduku ya ji haushi, shi ma wannan gado ne. A da, shekaru aru-aru ayari na ɗaukar fatar jar akuyar Sakkwato ya ratsa Sahara da ita, Turawa su saye ta a hannun fataken arewacin Afirka, su yi wa manyan littattafansu bango da ita, suna kiranta fatar Maroko. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ita mai lalle kyautarta ta fi sauƙi, tunda ta gida ce. Daren jajibere mata goma sha biyu za su baje a tsakar gida, ta yi ta zane har asuba, wuya ya sage, ido ya yi ja. Da rana ta fito kowace ta ɗauki hoton hannunta ta ɗora a WhatsApp, ana ta yaba hannun da aka zana, babu mai tambayar hannun da ya yi zanen. A je idi a duba, ita kaɗai ce tafinta fari fat.

Manyan mutane kuwa lambar yabo suke bayarwa. A gayyaci makaɗi taro a birni, ya ranci kuɗin mota daga Jabo ko Sanyinna, a zaunar da shi bayan rumfa ya sha jawabai har la'asar, sannan a miƙa masa katako mai ƙyalli. Sunan mai bayarwa ɓaro-ɓaro a sama, nasa can ƙasa kamar sawun tururuwa, kuma da kuskure. Ya isa gida uwargida ta jujjuya abin ta ce, "Malam, wanga dafa shi aka yi ko jiƙawa?" A zamanin da Ibrahim Narambaɗa ke fadar Sarkin Gobir na Isa, Salihu Jankiɗi kuma yana yi wa Sarkin Musulmi Abubakar na III taushi, makaɗin fada doki ake ba shi, da riguna, da dammunan hatsi. Daga baya aka shiga ba da mota da kujerar Makka. Doki dai ana hawansa, in ta ɓaci a kai shi kasuwa. Katakon yabo ko ruwan shayi ba zai tafasa ba.

Kada mu manta da masoyin fasaha, shi ma yana son goron Sallah. Za ka gane shi da wayarsa, cike take da Ɗanƙwairo da Shata, waɗanda aka tura masa a shagon caji. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, kuma tun daga nan ƙaunarsa gare su take ƙaruwa, domin mamaci ba ya sallama a ƙofar gida da 'yan amshi. Wannan hali ma ba mu muka ƙago shi ba. Van Gogh, mai zanen nan na ƙasar Holan, ƙanensa Theo ne ya riƙa ɗaukar nauyinsa har Van Gogh ɗin ya mutu a 1890, yau kuwa ana sayen zanensa da miliyoyin daloli.

Falon masoyin namu furen roba ne da hoton dogon benen Dubai. Ƙwaryar kakarsa mai zane, wadda aka ƙona wa ado da baƙin ƙarfe, tana bayan ɗaki kaji na shan ruwa a ciki. To, ga shawara: ka ɗauko ƙwaryar ka wanke, ka naɗe ta a leda mai walƙiya, ka ce tsarabar Dubai ce. Kafin magariba ta hau bango, kuma duk baƙon da ya shigo sai an nuna masa yadda mutanen waje suka iya aiki.

Abokina ya gama dariya ya ce to yanzu mene ne abin yi. Na ce abu ɗaya ne ya rage, wanda ba a taɓa gwadawa ba a iya sanina, don haka a bi a hankali kada baduku ya suma. Ka je rumfarsa, ka tambayi kuɗin jaka, ya faɗa, ka biya, ba tare da ka ja shi da ciniki har sai ya gaji da cewa albarka ba. Ka biya mai lalle kamar yadda za ka biya bare. Kafin duk wannan kuma, in akwai tsohon bashi, a fara da shi.

Sai ya yi shiru, ya sunkuyar da kai. Na bi idonsa da kallo, sai ga takalmin fata ja a ƙafarsa, ɗinkin hannu, har ya fara cinyewa a dunduniya.

"Na Sallar bara ne," in ji shi a hankali. "Na ce mai in an sayar da albasa."

Kwandasta ya ƙwala kiran Kebbe saura mutum ɗaya. Abokina ya zabura, ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce shawarar nan tawa ta fi ƙarfin kuɗi. Mota ta fara tafiya, ya leƙo ta taga ya ɗaga murya: "Malam, Allah shi ƙara basira!"