Tsegumi: An Sallami Koci, Guragu Sun Miƙe

Ku matso kusa, maganar ba ta lasifika ba ce. Akwai wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa a nan ƙasar Daura da ta zama abin hira a teburan masu shayi da gidajen kallon ƙwallo. Kada wanda ya tambaye ni ko ta cikin gari ce, ko ta Mai'adua, ko Zango, ko Sandamu, ko Baure. Masu ita sun san kansu, ni kuma ina da sauran zama a garin nan.

Tun da aka fara gasar bana ƙungiyar nan ba ta da aiki sai kwasar kashinta a hannu. Ranar da ta samu ta yi kunnen doki, magoya bayanta har zagaye gari suke yi a kan babura. Ana tsakiyar gasa, sai Alhajin da ke ɗaukar nauyinta ya kira koci gida bayan sallar isha'i, ya yi masa godiya mai tsawo, ya ce ya ɗan je ya huta. Aka miƙa wa mataimakinsa usur. Daga ranar, yaran da ake cewa ƙafarsu ta mutu suka fara cin wasa a jere. Yanzu in ka ji ana kirari a bakin fili, na sabon koci ne: wai ya zo da salo, wai ya san boko, wai har bidiyon Guardiola yake kallo a waya.

To, wata majiya da ke zama daf da benci ta raɗa min cewa babu wani salo. Atisayen da ake yi da yamma shi ne dai na da: a zagaye fili, a jera duwatsu a bi ta tsakaninsu da ƙwallo, a raba riguna da marasa riguna a buga har a kira magariba. Abin da ya canza yana wajen fili.

Kyaftin ɗin ƙungiyar da manyan 'yan wasa biyu sun daɗe ba sa ga maciji da tsohon koci. Asalin rigimar, an ce, makara ce. Kyaftin ya zo atisaye bayan an fara, koci ya sa shi tsallen kwaɗo a gaban ƙananan yara, alhali mutumin nan magidanci ne mai iyali. Daga nan ciwon cinya ya ɓarke a ƙungiyar. Ranar wasa sai ka ga wannan yana ɗingishi, wancan ya ɗaure gwiwa da bandeji, wani kuma an aike shi Kongolam ba zai dawo da wuri ba. Koci ya cika gurbinsu da yara, yara suka yi ta shan ruwan ƙwallaye. Da aka sallame shi, washegari duk suka hallara kafin lokaci. An ce sabon kocin ya dubi kyaftin ya ce, "Yaya, ƙafar fa?" Shi ko ya ce, "Alhamdu lillahi, Koci, jiya na kwana da sauƙi." Ko murmushi bai yi ba.

Sai maganar kuɗi. Alawus ɗin wasanni da dama ya maƙale tun farkon gasa, kowa na zargin kowa. Ranar atisayen farko na sabon koci, Alhaji da kansa ya iso fili, abin da bai taɓa yi ba. Ya sa aka buɗe bayan mota, aka sauke ledojin ruwa da sababbin ƙwallaye da takalma daga Kano, sannan ya kira yara ɗaya bayan ɗaya yana damƙa wa kowa nasa a hannu. "Allah ya ƙara girma, Alhaji," kawai kake ji. Da an yi wa tsohon kocin rabin wannan hidima, wa ya sani ko da har yanzu usur yana wuyansa? Akwai ma masu rantsuwa cewa an canza malamin da ke yi wa ƙungiyar addu'a. Wannan kam ba fagena ba ne, na bar wa masu shi. Abin da na iya dubawa shi ne jadawali: wasannin da suka biyo bayan sallamar, da ƙungiyoyin da ke can ƙasan tebur aka buga su. Ko mai sayar da rake na bakin fili aka ba usur a makonnin nan, da wuya ya rasa maki.

Kada ku ɗauka a ƙwallon unguwa kaɗai ake wannan. 'Yan Chelsea na gidajen kallonmu, waɗanda ba sa bari kowa ya sha iska da labarin 2012, su tuna yadda abin ya faru. A watan Fabrairun shekarar, André Villas-Boas ya je Napoli ya zaunar da Lampard da Ashley Cole da Essien a benci, aka lallasa shi 3 da 1. Ranar 4 ga Maris aka sallame shi, aka ba mataimakinsa Roberto Di Matteo riƙon ƙwarya. Da Napoli ta zo Landan, sai aka ci ta 4 da 1. Su wa suka zura ƙwallayen? Drogba, Terry, Lampard da Ivanović, wato dattawan gidan. Ni ban ce sun yi wa kowa zagon ƙasa ba, jerin sunayen kawai na karanto muku. A watan Mayu suka ɗaga kofin zakarun Turai a Munik, a gidan Bayern, namu Mikel Obi na tsakiyar fili. A watan Nuwamba na 2012 dai, Di Matteo ya karɓi tasa takardar sallama. Sabon koci amarya ne, ba ya laifi, sai dai kwanakin amarcin ba su da yawa.

Wanda ya fi ci mana rai shi ne na Kwaddibuwa, don a kanmu ya ƙare. A gasar cin kofin nahiyar Afirka da aka buga a farkon 2024, mai masaukin baƙi ta sha kashi a hannun Najeriya da ci 1 da nema, sannan Ikwatoriyal Gini ta zazzaga mata 4 a gaban jama'arta. Aka kori Bafaranshe Jean-Louis Gasset tun ba a san ko ƙasar za ta tsallake rukuni ba. Hukumar ƙwallonsu ta nemi aron Hervé Renard daga Faransa, aka hana ta, dole ta koma kan mataimaki Emerse Faé, wanda ya karɓi aiki ranar 24 ga Janairu, ranar da ya cika shekara 40 a duniya. Ba shi ya tsallakar da su ba ma, Maroko ce ta doke Zambiya ta buɗe musu ƙofa. Daga nan suka fitar da Sanagal a bugun fenareti, suka fitar da Mali da mutum goma a minti na ƙarshe na ƙarin lokaci, suka ci Kongo, suka zo kanmu ranar 11 ga Fabrairu a Abidjan. Troost-Ekong ya fara ci da ka, muka fara lissafin inda za a ajiye kofi. Kessié ya farke, Haller ya ƙarasa mu.

A ba Faé haƙƙinsa, ya taɓa jerin 'yan wasa, ya dawo da Seri tsakiya. Amma Haller ɗin nan da ya ci Kongo ya ci mu, ko minti ɗaya bai buga wa Gasset a wasannin rukuni ba, yana jinyar rauni. Adingra, wanda ya ba da ƙwallayen biyu a wasan ƙarshe, shi ma da rauni ya shigo gasar. Gasset ya tafi da baƙin jini, Faé ya gaji lafiyayyun ƙafafu. Kocin Malin da Kwaddibuwa ta fitar a gasar, wanda aka nuno ana kwarara masa ruwa a ka a bakin fili, shi ne Éric Chelle, mutumin da Najeriya ta ɗauko a Janairun 2025 ana tsakiyar wasannin neman gurbin kofin duniya. Ya fara da cin Ruwanda 2 da nema a Kigali, aka ce mai ceto ya iso. A Nuwamba Kongo ta tare mu a Rabat da bugun fenareti.

Wani ɗalibi da ya ga duniya ya tsoma baki a majalisarmu, ya ce har Ostareliya haka abin yake, a wata irin ƙwallo tasu mai siffar ƙwai da mutum 18 ke bugawa kowane ɓangare, da hannu da ƙafa. A 2002 ƙungiyar Sydney Swans ta rabu da Rodney Eade ana tsakiyar kaka, Paul Roos ya riƙe, 'yan wasa da magoya baya suka dage sai an bar masa, kuma a 2005 ya kawo musu kofin da suka shekara 72 suna nema. Carlton ta gwada irin haka a 2019: ta kori Brendon Bolton, David Teague ya riƙe aka fara cin wasa, aka tabbatar masa da kujera, a 2021 aka kore shi. Ɗaya ta dace, ɗaya ta koma gidan jiya.

Mu dawo gida, inda zancen ya fi shafarmu. Usman Abd'Allah, ɗan Kano, mataimaki ne a Enyimba ta Aba lokacin da ya karɓi ragama a 2018 ana cikin kaka. Ya kai su wasan kusa da na ƙarshe a kofin Confederation na Afirka, a 2019 ya ci musu gasar Firimiya ta Najeriya, Kano Pillars na biye da shi a matsayi na biyu. Janairun 2020 bai ƙare ba aka raba shi da aikin. A Pillars kuwa, duk mai bin ƙwallon Arewa ya san sunan da ake kira in ruwa ya ƙare wa ɗan kada: Ibrahim Musa, wanda ake wa laƙabi da Jugunu. Ba sau ɗaya ba aka miƙa masa ƙungiyar bayan wani ya tafi, kuma shi ya ciyo musu kofin Aiteo a Kaduna a 2019. Duk da haka, a 2022 Pillars da tamu Katsina United suka rungumi juna suka faɗa ajin ƙasa, a kakar da aka farfasa motar 'yan Katsina a filin Sani Abacha na Kano. A 2023 suka dawo tare, kuma Usman Abd'Allah ɗin nan da Enyimba ta sallama shi ya hauro da Katsina United.

Masu zuwa filin Muhammadu Dikko daga nan Daura sun san yadda ake yi. Da an yi rashin nasara biyu a gida, sai 'yan kallo su fara rera sunan koci, ba don yabo ba. Ƙungiyoyinmu na Arewa kusan duk na gwamnatocin jihohi ne. Shugaban ƙungiya naɗin siyasa ne, kuɗi daga baitulmali suke fitowa, in sun fito. In wasa ya lalace, shugaba ba zai kori kansa ba, ba zai iya korar 'yan wasa talatin ba, ba kuma zai tsaya gaban 'yan jarida ya ce takardar alawus tana kan teburin wani babba ba. Mutum ɗaya ne mai sauƙin ɗagawa. Shi ya sa za ku ji an ce an ba koci wasa uku ya gyara ko ya kama gabansa. Ku lura kuma da abin da ke biyo bayan sallama: sanarwar an biya bashin alawus, babban jami'i ya ziyarci sansani, an yi alkawarin tukwici in an ci wasan gaba. Yaro ya ji nauyin aljihunsa, ya ruga da gudu, sai a ce dabarar sabon koci ce.

Ban ce koci ba ya da tasiri ba. Akwai wanda 'yan wasa sun gaji da jin muryarsa, ko gaskiya ya faɗa ba ta shiga. Akwai mai riƙon zuciya da zai zaunar da gwani don ya gaishe shi a tsaye. Irin wannan in ya tafi, iska takan shigo ɗaki. Amma in ana son a san ko sabo ya iya, a jira ranar da alawus zai sake maƙalewa, kyaftin ya sake makara, a kuma haɗu da ta saman tebur a gidanta.

Wanda ya fi kowa sanin ɗacin wannan sana'a a ƙasar nan shi ne marigayi Shu'aibu Amodu. A 2001, bayan Saliyo ta doke mu a Freetown aka kori Jo Bonfrère, shi aka kira ya ceto tafiyar. Ya ci Laberiya, ya ci Sudan 4 da nema a can gidanta, ya ci Ghana 3 da nema a Fatakwal, ya samo tikitin kofin duniya na 2002. Da ya zo na uku a gasar Afirka a Mali, aka karɓe ƙungiyar aka ba Festus Onigbinde ya tafi da ita. A 2010 aka maimaita masa: ya samo tikiti, ya zo na uku a Angola, aka ɗauko Lars Lagerbäck daga Suwidin. Ya rasu a 2016 bai taɓa zama a bencin Najeriya a gasar kofin duniya a matsayin babban koci ba.

Saura ƙaramin tsegumi na ƙarshe, shi ma daga bakin benci. An ce wasu daga cikin yaran da tsohon koci ya ɗaga, waɗanda yanzu aka mayar da su ɗaukar ruwa, sun fara taruwa a shagon wani mai gyaran waya bayan atisaye, kuma ɗayansu, mai tsaron gida na biyu, ya fara ƙorafin ciwon kafaɗa. Sabon koci, in wannan shafi ya iso hannunka, ka aika a duba maka kafaɗar nan tun kafin ta yaɗu.