Noman Rani a Cikin Ƙanƙara

Kwaɗon rama ne ya ja mini. Iyaye da 'yan uwa ana ganinsu a waya, a gaisa, kewa ta ragu. Rama fa? A shagunan 'yan Afirka na Edmonton akwai garin kwaki, da manja, da busasshen kifi, har ƙuli-ƙuli in ka taki sa'a, amma ɗanyar rama mai tsamin nan ban taɓa cin karo da ita ba.

Muna haya ne a ƙasan wani gidan gona a wajen birni. Mai gidan wani tsohon Bature ne da ya yi ritaya, gwiwoyinsa sun fi shi tsufa. Can bayan gida, inda wayar lantarki ba ta kai ba, yana da ɗan ɗakin katako, ya kafa masa sola da batura da hita mai gas. A ciki yake renon tukwane huɗu na tabar wiwi. Ran da ya nuna mini su sai da na waiga baya, don jikin ɗan Najeriya ya san wannan ganye da 'yan NDLEA suke tafe. Shi kuwa ko a jikinsa. Tun 17 ga Oktoba, 2018 Kanada ta halatta abin a dokarta, kuma a lardin Alberta kowane gida na iya shuka tushe huɗu, ban da na biyar. A Kwibek an hana shukawa a gida, tsohon kuma bai gajiya da yi musu jaje.

Da hunturu ya kawo jiki sai ya shirya gudu Arizona, kamar yadda tsofaffin Kanada masu ɗan hali ke yi. Ya ce in kular masa da ɗakin, zai rage mini kuɗin haya. Na ce a'a, ni Musulmi ne. Ya ce to akwai fili a gefe, in ina da abin shukawa. Nan na tuna da irin ramar da ke ƙulle a ƙasan akwatina.

A daren na zauna na ba kaina fatawa. Ni rama zan ɗumama. In ɗumi ya zarce ya taɓa maƙwabtanta, ai ban aike shi ba. Ruwa ma rama zan ba. In hannu ya karkace, tsautsayi ne. Uwargida ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Malam, wannan karatun a wace tsangaya aka yi shi?"

Wanda ya ƙirƙiro sola bai yi Disamba a Alberta ba. Rana ba ta leƙowa sai wajen tara saura, huɗu da 'yan mintuna ta tattara ta tafi, a tsakani ma rarrafe take a gefen sama. Tsohon kuwa ya rubuta a jikin ƙofa cewa 'ya'yansa na buƙatar hasken fitila na awa 18 kullum. Rana ta ba da bakwai da rabi, a biya goma sha takwas! Cikon sai janareto, wanda mansa ke kauri da sanyi, ka ja igiya har kafaɗa ta ce wayyo, shi ko tari bai yi ba. Na baro ƙasar janareto, na haye teku, ga ni tsugune gaban janareto. Da asuba kuma in ɗauki tsintsiya mai dogon hannu in share dusar ƙanƙara daga kan sola, iska ta mayar mini da ita cikin wuyan riga. Batura su ma sanyi na cinye musu ƙarfi, sai da na lulluɓe su da bargon da muka ajiye wa baƙi. Hita kuwa in tana ci sai ta cika ɗakin da laima, rufi ya yi zufa, ta daskare da dare, da rana ta ɗigo mini a ƙeya.

Duk da haka rama ta fito. Irin mai yatsu ce, ba mai faffaɗan ganye ba, kuma duk wanda ya san ta ya san da wa take kama. A tukwane baƙaƙe iri ɗaya, ƙarƙashin fitila ɗaya, in ka jera su da na tsohon sai ka ce 'yan ɗaki ɗaya ne ranar sallah. Na ƙirga tawa takwas, tasa huɗu, sha biyu ke nan a idon duk ɗan sandan da bai taɓa cin kwaɗo ba. Na ma shirya jawabin da zan yi masa, har da tayin ya ɗanɗana.

Akwai kuma 'yar siyasa. Wurin da ya fi ɗumi kusa da hita na 'ya'yan mai gida ne, to amma mai gida na Arizona. Sai na mayar da rama gaba, su na tura su lungu. Duk mako in zan aika masa hoto, in maido kowa mazauninsa, in ɗauka, in sake juyawa.

A tsakiyar Janairun 2024 sanyin da ake ba da labari ya sauka. A filin jirgin Edmonton awo ya wuce digiri 45 ƙasa da sifili, har gwamnatin lardi ta aiko saƙon gaggawa a wayoyi cewa a rage shan wuta kada lantarki ya durƙushe. Na yi murmushi, don ɗakinmu ba ruwansa da wutar gwamnati. Ashe gas ɗin hita, propane, in sanyi ya kai 42 ƙasa da sifili kwanciya yake a tukunya ya ƙi tashi. Tsakar dare na fita dubawa: hita a mace, batura a sume, janareto ya yi kunnen uwar shegu. Na kunna tocilar waya, wayar ma ta ɗauke.

A duhun nan na yanke hukunci irin na mai tsoron Allah: rama zan ceta, haram kuwa ta ji da kanta. Na lalubi na kusa da hita, na naɗe su a bargon batura, na dinga jigila cikin ƙanƙara har gwiwa, gashin ido na manne da juna, majina ta zama tsinke. Huɗu na iya kaiwa kafin yatsu su daina karɓar umarni. Na jera su a falo, na kwanta ina jin kaina jarumi.

Da safe na tarar da uwargida tsaye a kansu, ta toshe hanci da gefen mayafi.

"Malam, jiya ka aika wa tsohon nan hoto?"

"Na aika."

"Ka juya tukwanen bayan nan?"

Na zura takalmi na ruga bayan gida. Rama takwas na lungu a tsaye ƙyam, baƙi ƙirin, na taɓa ganye ɗaya ya karye ƙas. Tsohon da ya ji labari muryarsa har rawa take, wai bai taɓa ganin amana irin ta mutanenmu ba, zai gaya wa abokansa duka.

Da yamma Inna ta kira ta bidiyo daga Zariya. Ina ta karkata waya wajen bango, amma idon tsohuwa ya riga ya hango kore a bayana.

"Kai, tubarkalla! Ramar ce ta yi kyau haka? Ka ga ganye shar! To ka tsinka ka shanya, in wani zai taho ka ba shi ƙulli guda ya sauko mini da shi ta Kano, in nuna wa mutanen gida."

Uwargida ta leƙo ta kafaɗata. "Inna, ai cewa ya yi shi da kansa zai kawo miki."