Tsohon Bature da Ranar Sifaniya

Dubban 'yan fansho daga Ingila sun tattara komatsansu sun tare a Alikante da Malaga, wai gudun sanyi. Rana kam sun same ta, amma wasunsu kullum fuska a murtuke kamar hadarin gabas. Za a ce ai tsufa ne, ko faɗuwar darajar fam bayan ƙuri'ar ficewa daga Tarayyar Turai a 2016. To, tsofaffin Sifaniyawa ma aljihunsu ba nauyi, ga su can dandali suna ta raha. Mutum ya shekara 20 bai iya gaisuwar gari ba, maƙwabci bai san sunansa ba, yana zaune yana mitar baƙi sun cika Ingila. Kaɗaici ke cin sa, mai kawo shayi ke shan faɗan.