Ɗakin Ƙasa Da Na Gina Wa Hajiya

Ɗan boko idan ya karanta abu ɗaya, sai mutanen gidansa sun ji a jikinsu. A 2022 na ji labarin Francis Kéré, mutumin Burkina Faso da ya ci kyautar Pritzker ta masu zanen gine-gine, wanda ya yi suna da makarantar tubalin ƙasa a ƙauyensu Gando. Na ce ai mu ma muna da Babban Gwani, da ya ɗaga masallacin Juma'ar Zariya da ƙasa tun ƙarni na 19. Nan take na yanke hukunci: Hajiyarmu za ta dawo wurinmu, zan gina mata ɗakin tubali da azara a bayan gida, mai sola, wanda ba ya cutar da muhalli.

Na ɗauka ƙasa kyauta ce. Mai tifa ya gyara mini lissafi. Azara ta yi tsada saboda giginya ta yi ƙaranci. Makuba kuwa, wadda ake yi da ɓawon ɗorawa don kada ruwa ya ci bango, da na tambaya a shagon kayan gini, yaron ya tura ni wurin masu maganin gargajiya.

Daga ƙauye na nemo dattijon magini. Na nuna masa zane a waya, ya duba ya ce, "Malam, wannan da ka biya kuɗi ka koyo, a cikin irinsa aka haifi kakanka." Na ce kada a sa indararo, zai ɓata kyan ginin. Ya ce, "To." Ruwan Agusta ya zo ya tafi da kusurwa guda, maginin ya dawo ya sa indararon, ya sake karɓar kuɗin aiki.

Ranar da aka gama na kawo Hajiya, ina ta bayanin yadda kaurin bango ke shanye zafin rana. Ta shafa bangon, ta ce, "Kai, ƙuruciyata kaf a yaɓe ta ƙare. Yanzu da Allah ya buɗa maka za ka mai da ni ƙasa tun da raina?" Maƙwabta kuma suka fara yi mini jajen karayar arziki.

Ta zaɓi ɗakina na bulo mai na'urar sanyaya ɗaki, aka kwaso mini katifa zuwa bayan gida.

Afrilu ya shigo, zafi ya haura digiri 40, aka ɗauke wuta, bulo da kwano suka zama tanda. Sai ga Hajiya da tabarmarta da carbinta. Ta zauna ƙarƙashin fankar sola, ta ce, "Dama ni na ce maka ginin ƙasa ya fi. Tashi ka koma ɗakinka, kada matarka ta ce na raba ku."